Ƙofar Bayan Gidan Hajiya Dije

Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Hajiya Dije, kuma in faɗa muku gaskiya har yau ban gama jin haushinta ba. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Amma matar nan ta tafi ta bar mana aiki. Da na ɗauki alƙalami niyyata in rubuta irin abin da aka saba, in ce mai haƙuri ce, mai ibada, mai kyauta. Duk gaskiya ne, ban da haƙurin, don Hajiya ba ta da shi ko na sisi. Sai dai abin da ya faru a gidanta na Nassarawa GRA ranar da muka taru yi mata addu'ar shekara goma ya hana ni rubuta wancan. Maganar wata ƙaramar ƙofa ce a katangar bayan gidan, wadda yayana Alhaji Auwalu ya sayo bulo da siminti zai toshe.

Bari in faro daga inda ƙofar ta samo asali. Hajiya 'yar cikin gari ce, ta tashi a lungun da in an yi atishawa a gida ɗaya za a amsa daga gida uku. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, da ya yi girma a aiki aka ba shi gida a GRA. Kowa na yi mana murna, ita kuwa tun a mota ta fara tsaki. Wai wannan unguwa ce ko maƙabarta, ko kukan akuya ba a ji. Ta yi wata guda tana cika tana batsewa, har ranar da ta je shanya a bayan gida ta hango wata mata ta cikin shinge ita ma tana shanya. Mama Saratu ke nan, malamar makaranta, 'yar Wusasa ta Zariya, Kirista, matar Malam Bitrus akawu. Gidajenmu baya suka ba juna. Get ɗinmu na kallon wani titi, nasu na kallon wani, in ta titi za ka bi sai ka yi zagaye mai nisa, amma ta baya shinge ne kawai ya raba mu.

Da Hajiya ta ji bakin Zazzaganci, ko gaisuwar kirki ba ta ƙarasa ba ta ce, “Au, har nan ma kun biyo mu?” Mama Saratu ta ce ai zuwa suka yi su koya wa Kanawa karatu, tunda ban da ciniki ba abin da suka iya. Daga ranar suka ƙulle. Ciyayya ta shiga tsakani da wani kwano mai murfi irin na da, fari mai jan fure. Ya tafi da tuwo ya dawo da fate, ya tafi da gurasa ya dawo da gyaɗa. Dokarsa ɗaya ce, ba ya tafiya wofi, ba ya dawowa wofi. Da azumi ƙosan Mama Saratu ne farkon abin da ke sauka a tabarmarmu. Da Kirsimeti kuwa kajinta sai sun fara zuwa gidanmu Baba ya yanka, don kada mu ƙi cin shinkafarta. Har suka tsufa suna musun mai kwanon, kowacce na cewa na ɗayar ne, wai ita ba za ta sayi abu mummuna haka ba.

Da ɓarayi suka fara damun unguwa kowa ya shiga cire shinge yana jan katanga. Baba ma ya kira birkila. Ina yarinya lokacin, amma ina ganin abin kamar jiya. An ja igiya, an fara jera bulo, sai ga Hajiya da kujerarta 'yar tsuguno. Ta dasa ta a kan layin ginin, daidai inda ake ratsa shingen, ta zauna ta gyara ɗaurin zane. Birkila ya ce Hajiya a ɗan matsa. Ta ce ya gina a kanta. Aka kira Baba daga falo, ya ce, “Dije, nan fa ba cikin gari ba ne.” Ta ce ta sani, shi ya sa ma. Da Baba ya ga rana na yi kuma leburori sun fara dariya, sai ya ce a bar mata ƙofa. Ta miƙe tsaye aka auna da tsayinta. To Hajiya gajera ce, shi ya sa duk mai tsayi sai ya sunkuya kafin ya wuce.

Kowa ya ɗauka don hira ta yi wannan rigimar. Baba ma har ya rasu yana kiranta ƙofar gulma. Ni kaɗai a cikin 'ya'yanta na san ba don hira ba ne, kuma sanin bai amfane ni da komai ba sai ciwon kai.

Yaya Auwalu shi ne ɗan farin Hajiya. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, dole in yi musu bayani. A tarbiyyar su Hajiya, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mata da yawa sun yi wannan kunyar daidai misali, suna yi suna sassautawa. Hajiya kuwa ta ɗauke ta kamar aikin gwamnati. Ban taɓa jin kalmar Auwalu a bakinta ba. Sai dai “yaron nan”, ko “wancan”. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa da “uhm” tana gyaran wake. In ya zo na ɗaya a makaranta ya kawo mata takarda, sai ta ce a kai wa ubansa. Mu ƙannensa muna hawa cinyarta muna cin ragowar kwanonta, shi yana tsaye daga bakin ƙofa yana kallo. Wallahi ko yanzu na tuna tsayuwar nan tasa sai raina ya ɓaci.

To ina yaro zai nufa? Sai ya bi ta shinge, daga baya ta ƙofa, ya tafi wajen Mama Saratu. Ita ke duba masa aikin makaranta, ita ke ɗinke masa maɓalli. Da ya yi wani zazzaɓi mai zafi a ɗakinta ya yi jinya, Hajiya ba ta leƙa ba ko sau ɗaya. Abin da bai sani ba, a jikin ƙofar nan ta wuni kullum, ta wannan gefen, da carbi a hannu, duk wanda ya fito sai ta tare shi da ido. Sannan ga maganar funkaso. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Yaya zai sunkuya ta ƙofar ya je gaida Mama, ita kuma ta ajiye masa funkaso da miyar taushe a farantin tangaran, da man shanu yana naso a kai. Tun yana ɗan firamare yake cin funkason nan har ya yi furfura. Ba inda bai yi tallarsa ba. Wai duk Kano babu macen da ta iya funkaso kamar wannan Bazazzagiya. Har matarsa ya tura ta koyo, Mama ta yi ta yi mata hanya-hanya, yau ciwon kai, gobe alkama ba kyau.

Dalili kuwa, Mama Saratu ba ta iya funkaso ba. Ko ƙullun ba ta san yadda ake haɗawa ba. Hajiya ce ke yi. Gidanmu gidan jama'a ne, tukunyar gida mu 'yan mata ke ɗorawa. Amma ranar Juma'a, da zarar maza sun fita masallaci, sai ta jawo kurfotinta bayan madafi, ta fito da ƙullun da ta ɓoye a ɗaki tun safe, ta soya da hannunta, ta yi 'yar miya a ƙaramar tukunya, ta tsince hanta da ƙoda ta zuba, ta rufe a kwanon nan ta ce a kai wa Malama. Ni ce 'yar aiken. Rannan na tsaya na ga Mama ta juye a farantinta ta rufe, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ta zuba mini gyaɗa a kwanon. Na dawo da gudu ina ba Hajiya labari kamar na gano abin kirki. Ranƙwashin da na sha har yau in na taɓa wurin ina tunawa. Ta ce, “In na ji maganar nan a bakin wani, ni da ke ne.” Ko a ciwonta na ajali, tana magana da ƙyar, sai da ta kama hannuna ta ce, “Binta, maganar kwano.” Na ce na sani, Hajiya.

Ku duba mini wannan taurin kai don Allah. Mace ta yarda ta tsuguna gaban gawayi duk mako har gwiwoyinta suka ƙi, ta yarda wata ta kwashe yabon, amma ba za ta iya buɗe baki ta ce wa ɗanta ya ci abinci ba. Shi ma gogan, mutumin da ke gane jabun shadda daga nesa, bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi gidan da ba a taɓa jin ƙamshin suyar alkama ba yake fitar da funkaso duk Juma'a. Da Hajiya ta rasu funkaso ya tsaya cak. Mama ta ce masa idonta ne ya yi rauni, ba ta iya tsayawa gaban mai. Ya ce Allah sarki, ya yarda. Daga nan zuwansa ya fara ja baya, daga duk mako ya koma sai da Sallah.

Abin da ya ƙara rikita shi, yadda Hajiya ta yi da jikoki. Matar da ba ta iya kallon ɗanta, sai ga ta da 'ya'yansa kamar ta haɗiye su. Ta goya wannan, ta ɗora wancan a cinya, ta kira mazan da mazajenta tana yi musu tsiyar ba su kawo cefane ba. Ɗakinta ya zama wurin ɓuyan duk wanda ya yi laifi. Ummi, babbar 'yar Yaya wadda aka sa wa sunanta, a bayanta ta girma, ko kallon banza ba a isa a yi mata ba. Yaya yana gani sai ya ce da ni, “Kin gani ko? Tana iya son mutum. Ni ne dai ban samu shiga ba.” In ce me? Sai in ce ya sha ruwa.

Nakan zauna in ce da Hajiya za ta leƙo yau, me za ta ce? Ummin nan tata yanzu ta yi aure ta haifi ɗanta na fari, kuma tun safe har dare sunansa ne a bakinta. Ta sumbace shi a gaban surukai, ta ɗauki bidiyo ta watsa wa duniya, wai rabin ranta. Na san Hajiya za ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah, ido ya bushe. Ni kuwa, ko za ta ƙara mini wani ranƙwashin, ina bayan Ummi. Unguwar ma da ta kira maƙabarta tun ana ganin juna ta shinge, yanzu katangu sun fi na gidan yari tsawo, ga waya mai lantarki a kai. Rabin gidajen sun koma makarantu da kantuna da wuraren cin abinci. Maƙwabcinka zai rasu sai dai ka gani a waya. Abinci kuwa mai babur ke kawowa a leda, ba ka san hannun da ya dafa ba. Ni da nake aure a Giginyu, nan kusa, in na shigo layinmu na da sai in ji kamar baƙuwa.

Yaya ne ya zauna a gidan bayan an raba gado. Bana ya tashi gyara. Ya sare darbejiyar tsakar gida ya shimfiɗa intalok, ban ce komai ba. Ya ƙara wa katanga tsawo ya kafa kyamarori, ban ce komai ba. Sai rannan na je na tarar an jibge bulo da yashi a gindin ƙaramar ƙofa, an kuma maƙala mata wani ƙaton kwaɗo. Na same shi a falo na ce Yaya me nake gani haka. Ya ce masu aikin tsaro ne suka duba gidan, suka ce ƙofar nan ce rauninsa, da an gama taron addu'a za a toshe. Na ce tsaro? Lokacin da gari ya taɓa rikicewa, ba ta ƙofar nan Hajiya ta shigo da su Mama da 'ya'yanta ɗakinta ba, har ƙura ta lafa? Ya ce wancan zamani daban.

Na ce to Mama fa? Malam Bitrus ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta aiki ya watsa su garuruwa, tsohuwa ta haura tamanin tana dogara sanda. Abin da ya rage mata a duniya shi ne ta lallaɓo da la'asar ta zauna a barandar Hajiya, yara su kewaye ta, matar Yaya ta zuba mata tuwo a kwanon nan, gobe ta dawo da shi da lemo ko gyaɗa. In aka toshe ƙofar an rufe ta ke nan da ranta. Ya ce, “Haba Binta, direba na nan, duk ranar da take so a zagaya a ɗauko ta. Mama uwata ce, ba na musu, ita ta san cina da shana. Amma wannan ƙofar hirar Hajiya ce da ƙawarta, Hajiyar kuma ta tafi.” Jama'a, maganar ta zo mini har nan, har leɓe. Na tuna hannun Hajiya a kan nawa, na haɗiye. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi masa ba, ina tafe ina faɗa da matacciya a zuciyata.

Ranar taro ta zo. In ban da saukar Alƙur'ani da malamai suka yi da safe, wadda ita ce ta sanyaya mini rai, sauran duk biki ne. Jikoki sun fitar da anko. An kafa rumfuna an jera kujerun roba. An buga hoton Hajiya a jikin kuloli ana rabawa, matar da in ta ga mai hoto sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Abinci daga wajen masu dafawa aka yo oda, an ɗura a robobi. Na tambayi Ummi ko an gaya wa Mama Saratu. Ta ce eh, an ma ware mata robarta da kularta, direba zai kai in ya dawo daga aike. Na ce madalla, Hajiya ta gode.

Bayan la'asar, ana tsakiyar rabon kuloli, sai muka ji ƙwanƙwasa daga bayan gida. Ba da ƙarfi ba, amma ba a fasa ba. Sanda ce ake bugawa a jikin ƙofar ƙarfe. Na san bugun. Na ce ina makulli? Aka ce yana wajen birkila, birkila kuma ya tafi Kaura Goje. Aka ce a kira shi a waya, wayarsa a kashe. Wani daga cikin samarin ya ɗaga murya ya ce Mama ta koma, za a zagayo da mota. Bugun bai tsaya ba. Ni dai ban san lokacin da na shiga sito na ɗauko tsohuwar taɓaryar Hajiya ba. Da leshina da gwaggwarona, a gaban surukai da baƙi, na kai wa kwaɗon nan duka. A na farko ya ƙi. Na ce yau ko ni ko kai. Sai da hannuna ya yi tsami sannan marfin ya ɓalle, mata suna ta salati a bayana.

Mama Saratu na tsaye, ta yi kwalliyar zuwa coci, sanda a hannu ɗaya, kwano a ɗaure cikin ƙyalle a ɗayan. Ta dubi bulo, ta dubi yashi, ta dube ni da taɓarya ta ce, “Binta, halin uwarki ne a kanki.” Hayaniyar ta fito da Yaya daga rumfar maza, yana tattare babbar riga. Ya rusuna ya gaishe ta, kunya duk ta kama shi, ya ce ai da ta bari an ɗauko ta a mota. Ta ce ba zama ta zo yi ba. Ta ji ana auna ƙofa tun makon jiya, shi ne ta kawo mana kayanmu, kada a toshe da kayan mutane a wajenta. Ta miƙa masa ƙullin. Ya karɓa, ya ji ba nauyi, sai ya so ya mai da abin wasa don mutane na kallo. Ya ce, “Mama, na ɗauka funkasona kika tuna da shi. Shekara goma kin hana ni.” Ya kwance ƙyallen ya ɗaga murfi. Ba komai a ciki, an wanke shi tas. Tunda nake ban taɓa ganin kwanon nan ya ƙetare ƙofar wofi ba sai ranar.

Ta ce, “Auwalu, ni ban iya funkaso ba. Ban taɓa soya shi ba tunda aka haife ni. Ka tuna yaushe ya daina zuwa.”

Ina kallon fuskarsa yana lissafi, mutumin da lissafi ne sana'arsa. Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai. Mama ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kwanon nan yake zuwa duk Juma'a, ita nata juyewa a faranti. Ta ce ranar da Dije ta zauna a kan layin gini ba don hira ta zauna ba, su da ke iya hira ta saman katanga. Cewa Dijen ta yi in aka rufe nan ta ina yaron zai bi, ta ina abincinsa zai bi. Ta ce ta yi wa ƙawarta alkawarin rufe baki muddin ƙofa na buɗe, to tunda rufewa za a yi, ga kwanon uwarsa nan ya adana.

Yaya ya nemi wuri ya zauna a kan bulon nan, da farar shaddarsa, kwano a cinya. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce, ta yaron nan ce mai tsayuwa a bakin ƙofa. Ya ce, “Mama, ta taɓa faɗin sunana?” Mama ta yi 'yar dariya, idonta na ruwa. Ta nuna bayanta da sanda ta ce, “A wancan gefen? Har gajiya nake yi da ji. Da ta shigo, kafin ta zauna, Auwalu ya ci? Auwalu ya rame. Auwalu ya ce me? Kunyarta a nan take ajiye ta, a bakin ƙofar nan, in za ta koma ta ɗauka.” Ya ja hannun riga ya rufe fuskarsa. Dattijo mai jikoki, kafaɗunsa na rawa. Ummi ta durƙusa a gefensa tana kuka, wayarta a ƙasa, ranar dai ba ta ɗauki bidiyo ba. Ni ma na yi kukan, amma nawa har da na haushi, don da Hajiya ta faɗi kalma ɗaya tana da rai da ba a kai ga wannan ba.

Washegari mota ta zo ta kwashe bulo da yashi. Kada ku ce an huta. Yanzu kuma wai zai cire tsohuwar ƙofar ya sa ta gilashi, ya ɗaga ta sama, ya manna allon marmara da sunan Hajiya. Na ce Yaya don girman Allah ka bar ƙofar nan yadda take, ka sa a gyara marfin da na ɓalla kawai. Mun yi ta yi, har yanzu ba mu gama ba, amma ina ganin na fi shi baki.

In na auna abin da Hajiya ta bari, gwala-gwalanta an raba, atamfofinta sun tsufa a jikinmu, darbejiyarta ta tafi, kulolin da aka buga da hotonta ma nan da baɗi hoton zai goge. Kunyar da ta riƙe da ƙarfi haka ba na fatan ko ɗaya daga jikokinta ta gada, na faɗa, kuma na san tana da hujjarta, haka aka rene ta, haka ita ma uwarta ta yi mata. Yanzu ma ga shi na kai ta jarida, abin da ta tsuguna ta ɓoye shekara da shekaru. Hajiya ki yi haƙuri, ba ni na fara faɗa ba, ƙawarki ce. Abin da ya rage nata na gaske, wanda ba a raba a gado ba, tsohon kwano ne mai ɓantararren baki, da wata tsohuwa a bayan katanga, da ƙofa daidai tsayinta.

Juma'ar da ta wuce na je gidan tun hantsi na haɗa ƙullu. Ban kai ta iyawa ba, nawa ya sha mai, gefe ɗaya ma ya ƙone. Na zuba a kwanon, na tsince hanta da ƙoda na ɗora, na ce Ummi ta zo ta kai. Yaya ya dawo daga masallaci daidai lokacin, ya ce a ba shi. Ya cire hula, ya tattare riga, ya sunkuya ya wuce da kwano a hannu biyu. Ban bi shi ba. Na tsaya ta wannan gefen, a jikin ƙofar, inda take tsayawa. Ina jin Mama ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa, Kanawan yanzu ba su iya komai ba. Sai ƙarar faranti. Can na ji ta ce, “Auwalu, ka ci?”

Ya ce, “Na ci, Mama. Na ƙoshi.” Ya faɗa da ƙarfi, fiye da yadda ake yi wa wanda ke kusa magana, fuskarsa na kallon ƙofar.

Allah ya kai mata, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.